Asalin Gasar Ƙwallo Tsakanin Jami'o'i

Wani mai sauraronmu daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko yana tambayar asalin gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ɗaliban jami'o'i.

To, Malam, Allah ya ƙara basira. Idan muka waiwayi maƙwabciyarmu Nijeriya, a shekarar 1966 ne jami'o'i biyar, wato Ibadan da Legas da Ife da Nsukka da ta Ahmadu Bello a Zariya, suka yi ittifaƙi suka kafa ƙungiyar wasannin jami'o'i ta NUGA, aka fara wasannin a Ibadan, ƙwallo kuwa tana cikinsu. Amma jami'ar Zinder, wadda aka assasa a 2010, ƙuruciya take yi har yanzu, kuma muna matuƙar fatan ganin ɗalibanta suna karawa da takwarorinsu na Zariya.