Tsiron Fadama A Barikin Soja

Jama'a, wanda ya ji an ce filin atisayen soja zai ɗauka ko ciyawa ba ta kwana a wurin. To, a jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka, akwai wani tsiro mai fure rawaya, masana na ce masa Lisimakiya mai kaushin ganye, wanda bariki ya zame masa mafaka. A shekarar 1987 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Barikokin Fort Bragg da Camp Lejeune na cikin wuraren da ya saura.

Me ya kai shi bariki?

Wannan tsiro a gefen fadama yake fitowa, tsakanin jigawa da sarƙaƙƙiya, kuma ba ya jure inuwa. A da, tsawa kan tayar da gobara ta cinye ƙananan itatuwa, sai ya sami rana ya yi toho. Da mutane suka janye ruwan fadamu don noma da gine-gine, suka kuma hana wuta cin daji, sai sarƙaƙƙiya ta rufe shi. Amma a bariki ba mai shiga ya yi gona, kuma harsashin igwa yakan tayar da wuta a kai a kai. Abin da ake zaton zai hallaka shi, shi ya raya shi.

Me doka ta ce?

Dokar Sikes ta 1960 ta shimfiɗa hanyar haɗin kai tsakanin soja da hukumomin kula da halittun daji. Dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1973 kuwa ta hana kowace hukumar tarayya yin aikin da zai kai irin waɗannan halittu ga ɓacewa. Saboda haka akan yi wa inda tsiron yake alama, a hana motocin yaƙi bi ta kai.

Don me ake biyan masana?

Gadi kaɗai ba ya wadatarwa. Tsiron nan ta saiwa yake yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, kamar ciyawar ƙiri-ƙiri. Sai ka ga tsirrai da yawa wuri guda, alhali duk tushensu ɗaya, ga shi furen tushe ɗaya ba ya barbarar kansa. Shi ya sa ba ya yin iri sosai. Soja ba shi da wannan ilimi, masani kuma ba shi da fili ko kuɗi. Sai Ma'aikatar Tsaro ta fitar da kuɗi, masu binciken soja da ma'aikatan lambun tsirrai na jami'ar da ke Chapel Hill suka reni dashe, suka mayar da shi Fort Bragg, suna auna ci gabansa shekara bayan shekara.

Gargaɗi

Kada wani ya ce an halatta ƙona daji ke nan. Ban da wutar igwa, wutar da ake sawa da gangan a bariki ma'aikata ne ke sa ta, bayan sun duba iska da laima, sun kuma share iyaka. Kowane tsiro da abin da ke raya shi, kuma sai an yi bincike ake sani. A tambayi masana tukuna, sannan a taɓa fadama.