Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Muwon?

Wani malamin makaranta daga Birnin Gwari yana tambaya: mene ne muwon, kuma yaya ake samar da shi?

To Malam, muwon halitta ce da ta fi zarra ƙanƙanta, mai kama da ilektoron, amma ta ninka shi nauyi kusan sau 200. Cikin hikimar Allah, ko yanzu muwon na sauka bisa dajin Kamuku, har yana ratsa tafin hannunka. Da yake wannan yayyafi bai wadatar da masana ba, a cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan sukan harba firoton kan dunƙulen baƙin fensir, tarwatsin ya rikiɗe ya zama muwon, sannan maganaɗisu ya kora muwon ɗin cikin bututu da gaggawa, domin ajalinsa bai kai ƙiftawar ido ba.