Filin Shawara: Motar Baba Na Neman Raba Kanmu

 Gwaggo, ina neman shawararki kan wata magana da ta hana ni barci.

Mahaifinmu ya rasu bara bayan Babbar Sallah, Allah Ya jiƙansa. Injiniya ne, ya yi aikin gwamnati tun zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya har ya yi ritaya. A 1976 aka tura shi kwas Faransa, da zai dawo ya taho da mota, Peugeot 504 mai ƙofa biyu. Ba irin Fijon da kowa ya sani ba ce, ta fi ta gajarta, ta kuma fi ta kwanciya a ƙasa. A cikinta yake kai mu Dandalin Murtala kallon fareti, mu cushe a baya, yana tuƙi yana ba mu labarin tafiyarsa. Ranar Asabar da kansa yake wanke ta, ba ya yarda kowa ya riƙe masa ko da soso. Da idonsa ya yi rauni sai ya faka ta ƙarƙashin mangwaron gidanmu na Unguwar Rimi. Yau shekara goma sha ɗaya ba ta motsa ba.

Baba ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku, mata huɗu. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. Biyu daga cikinmu, mace da namiji na ɗakin Anti Amarya, yara ne da ba su gama ƙaramar sakandare ba. Yanzu wani mutum daga Abuja ya zo har sau biyu yana taya motar, Yaya Babba ya ce a sayar a raba kuɗin. Ƙanena yana son a cire injinta a sa na Toyota ya riƙa hawa. Anti Amarya ba ta ce komai ba, amma na san kuɗin makarantar yaranta yana damunta. Ni kuwa so nake a gyara ta ta koma yadda Baba ya san ta, ta zauna a gida har jikoki su gan ta. Da na ga za a sayar, sai na ɗauke makullin da takardunta na ɓoye. Tun daga ranar Yaya da ƙyar yake amsa gaisuwata. Gwaggo, na yi laifi?

'Yarki daga Unguwar Rimi

'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na gani shi ne yarinyar da take kewar ubanta. Son da kike wa motar nan ba laifi ba ne. Ɓoye makulli da takardu kuwa laifi ne, kuma ina so ki mayar da su kafin ki yi komai. Ki je gidan Yayanki da kanki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki miƙa masa, ki ce tsoron rabuwa da abin Baba ne ya sa ki aikata haka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa babban wa wanda yanzu shi ne makwafin uba.

Ga dalilina. Daga ranar da mahaifinku ya cika, motar nan ta zama dukiyar gado. Bayan an biya bashin da ake binsa, an zartar da wasiyyarsa in ya bari, abin da ya saura na magada ne kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara. A yadda kika zayyana gidanku, a ɗauka an kasa darajar motar kashi 80. Matan biyu suna da tumuni, wato kashi 10, biyar-biyar. Saura 70: kowane namiji 14, kowace mace 7. Kin ga naki 7 ne kacal cikin 80. Ƙannenki biyu marayu suna da 21, ninki uku na naki. To da wane haƙƙi za ki kulle abin da mafi yawansa ba naki ba ne? Shirun Anti Amarya ba yarda ba ne, kunya ce irin ta matar da ba ta son a ce ta zaƙe a kan kayan miji. Ku manya kuna iya yafe wa juna rabonku in kun ga dama, amma babu wanda ke da ikon yafe rabon yaron da bai balaga ba, ko da uwarsa ce.

Saboda haka mataki na farko shi ne zama. Ku kira malamin da ya san ilimin rabon gado, ko ku je kotun shari'ar Musulunci a yi muku a rubuce. A samo mutum biyu ko uku masu sanin darajar tsofaffin motoci su yi mata kuɗi, kowa daban, a haɗa da tayin mutumin Abuja. In har kina son ta, ki saye rabon sauran a kan wannan farashi, ki fara biyan marayun da mahaifiyarsu lakadan. In kuɗin ya fi ƙarfinki, ki nemi 'yan'uwan da ke da ra'ayinki ku haɗa hannu, ku rubuta sunan wanda za a sa a takarda, gidan da za ta zauna, da yadda za a raba kuɗin gyara. Abin da ba a rubuta ba yau, 'ya'yanku ne za su yi rigima a kansa gobe.

Kada kuma ku yi gaggawar karɓar tayin baƙon nan. Mutum ba ya tasowa daga Abuja sau biyu saboda tarkacen ƙarfe. Ya san abin da ya gani. An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, kuma a shekarar ne aka fito da mai ƙofa biyun, wadda kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya ya zana ya kuma ƙera jikinta. An daina yin ta a 1983. Irinta ce, mai babban inji na silinda shida, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1978 a hannun direba Jean-Pierre Nicolas, bayan mai ƙofa huɗu ta lashe shi a 1975. Mai ƙofa huɗun ce muka sani a nan, wadda masana'antar Peugeot ta Kakuri, can ƙetaren kogi, ta yi ta harhaɗawa bayan an buɗe ta a 1975, har ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta direban tasha. Taku ba a taɓa harhaɗa irinta a Kaduna ba, shi ya sa ba a cika ganinta ba, shi ya sa kuma take da daraja. Sanin wannan zai amfani kowa, har wanda yake son a sayar.

Ki faɗa wa ƙanenki da lalama cewa ranar da aka cire injinta aka dasa na Toyota, ranar ta tashi daga motar Baba, darajarta kuma ta zube. Masu neman irin waɗannan motoci lambar inji da lambar shasi suke fara dubawa, su gwada da abin da ke cikin takarda. In motar hawa yake so, rabonsa zai taimaka masa ya nemi wata.

In Allah Ya sa ta zama taki ta halal, to sai maganar gyara, kuma nan ma haƙuri ne jarin. Motar da ta shekara goma sha ɗaya a tsaye ba a sa mata batir a murza makulli. Fetur ɗin da ke tankinta ya daɗe da lalacewa, ya zama danƙo, sai an sauke tankin an wanke. A juye baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata. A cire fulogai a ɗiga mai a cikin silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu a ji ko yana zagawa. A duba lagireto da duk tiyon roba, domin zafin Kaduna ya busar da su. Birki kuwa a sake shi gaba ɗaya, da mansa da robobinsa. Tayoyi ko da zanensu bai goge ba, sun mutu, a canza. A kira mai gyaran waya ya bi ta ɗaya bayan ɗaya, don ɓera ba ya raina motar da ke kwana ƙarƙashin bishiya.

Babban abokin gabarki shi ne tsatsa. Damina goma sha ɗaya ta sauka a kanta, ganyen mangwaro ya toshe hanyoyin ruwa. A ɗaga kafet a duba ƙasan mota, ƙarƙashin ƙofofi da cikin but. Inda ya ruɓe a yanke a yi waldar sabon ƙarfe. Kada ki yarda a cike rami da foti a fesa fenti a kai, damina biyu za ta tona asirin. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma a maido mata da launinta na asali.

Wajen kayan gyara kina da sa'ar da mutanen wasu garuruwan ba su da ita. In injinta mai silinda huɗu ne, yana da dangantaka ta kusa da na Fijon Kakuri, kuma Kaduna cike take da dattawan makanikai da suka tsufa a kan 504. Ki nemi irinsu, masu furfura, ba yaron da ya tashi ya tarar da motar kwamfuta ba. A kasuwar Panteka akwai masu ƙira da walda da za su iya ƙera miki ƙaramin ƙarfen da aka rasa. Amma gilasanta, fitilunta da ƙofofinta daban suke da na mai ƙofa huɗu, in ɗaya ya fashe sai an nemo daga Turai. Ki kula da su kamar ƙwai. Da yawa daga cikin masu ƙofa biyun ba kafireto gare su ba, famfo ne mai fesa mai a inji. In makaniki ya ce sai an cire an sa kafireto, ki nemi ra'ayin wani tukuna, in kuma dole ta sa an cire, ki karɓi na asalin ki adana.

In da hali, a yi aikin a cikin gida kina gani. Na san gidan da aka kai motar uba gareji, ta shekara uku a can, aka yi ta zare mata kaya ana gyara na wasu har ta zama kwarangwal. Ki ɗauki hoton komai kafin a kwance, duk abin da aka cire a sa a kwali a rubuta sunansa, ki riƙa biya aiki-aiki, ba dunƙule ba. In ta tashi, ki sabunta takardu da inshora, ki yi mata rumfa mai daɓen siminti. Tamfol da aka lulluɓe ta da shi a fili yana tara laima ne, ba ya kare ta. Ki riƙa fita da ita duk mako ko da daga Unguwar Rimi zuwa Kawo ne, saboda zama ne ke kashe mota. Ranar da za ta fara fita, ki ba Yaya Babba makullin ya ja, Hajiya uwargida a gaba, marayun nan a baya inda kuka taɓa zama.

In kuwa an yi lissafi aka ga ba za ki iya biyan rabon yaran ba, 'yata, ki saki. Ki ɗauki hotunanta, ki roƙi a bar miki littafinta da maƙalin makullin, a sayar wa wanda zai riƙe ta da mutunci. Mutumin da ya cusa 'ya'yansa a bayan mota ya kai su kallon fareti ba zai so ƙaramin ɗansa ya zauna gida babu kuɗin makaranta saboda ita ba.

* * *

Gwaggo, barka da aiki. Maigidana ya gaji Fijo 504 ƙirar Kakuri daga mahaifinsa, an kuma raba gado lafiya, ta faɗo a rabonsa. Amma wata takwas ke nan duk abin da ya samu a kanta yake ƙarewa. Cefane ya ragu, kuɗin haya ya matso. In na yi magana sai ya ce ban san darajar iyaye ba. Yaya zan yi?

'Yarki daga Hayin Banki

'Yata, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Ci da sha da muhallin iyali wajibi ne a kansa, gyaran mota kuwa ba wajibi ba ne, kuma ba a barin farilla a kama nafila. Sai dai ki lura, makoki yake yi da sifana a hannu, shi ya sa yake jin maganarki kamar suka ce ga mahaifinsa. Kada ki tare shi yana dawowa daga gareji. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki fara da yi wa surukinki addu'a, ki ce ke ma kina son ki ga ranar da motar za ta tashi. Sannan ki kawo takarda ku rubuta haya, cefane da makaranta, abin da ya ragu a ware wa motar wani abu duk wata. Gyaran da aka yi a shekara biyu babu bashi ya fi wanda aka yi a wata shida da yunwa a gida. In ya ƙi saurare, ki kai maganar ga wansa ko kawunsa cikin sirri. Ki kuma tuna masa cewa sadaka da addu'a ne ke isa ga mamaci a kabarinsa, don haka ko mudu ɗaya na abinci ya fitar da sunan mahaifinsa duk wata, kafin ya sayi fenti.

Gwaggonku ce