Python da haruffa masu lanƙwasa: aikin da ke jiran matasan Yauri

Duk wanda ya taɓa ba harshen kwamfuta na Python jerin sunayen Hausawa ya ce ya jera masa su daga A zuwa Z ya ga abin mamaki. Ɗanladi da Ƙasimu sukan gangara can ƙasa, su zauna bayan Zainabu da Zubairu. Dalili kuwa shi ne kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. A tsarin Unicode, D lamba ta 68 ce, Z ta 90, amma Ɗ sai an kai 394, Ƙ kuma 408. Umarnin sorted na Python lambobin nan yake bi, babu ruwansa da abacadar da aka koya a aji.

Mutumin birni na iya ganin wannan ƙaramin abu ne. A Yauri, ƙaramar hukumar karkara da ke kusa da Matameye a jihar Damagaram ta Nijar, kusan duk aikin ofis aikin jerin sunaye ne: rajistar haihuwa, 'yan makaranta, membobin ƙungiyoyin manoma, masu karɓar iri da taki, yaran da ake auna wa hannu saboda tamowa. Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ita ce tace irin waɗannan jeri da koya wa matasa yin hakan, ya sha ganin an ce babu sunan wata mata, alhali yana nan, ya faɗa ne inda mai dubawa bai zata ba.

Wahalar ta fi tsanani a kan harafi guda. Rubutun Nijar yana amfani da ƴ, na Najeriya kuma 'y, ga iyakar ƙasashen biyu nan kusa, takardu na shiga da fita ta hanyar Daura. Ita kanta 'yar alamar da ke gaban y iri-iri ce. Miƙaƙƙiyar da ke kan allon bugawa lamba ta 39 ce, don haka sunan ya haye saman jeri, gaba da A. Karkatacciyar da manhajar Word ke sakawa da kanta lambarta ta haura 8000, sai sunan ya koma ƙarshen ƙarshe. A ido suna ɗaya ne, a wurin na'ura mutum uku ne dabam. Ƙara da rubutun Faransanci na katin ɗan ƙasa, inda Usman ya zama Ousmane, Shu'aibu ya zama Chaibou, garin kansa ya zama Yaouri, sai a gane yadda mutum ɗaya ke fitowa sau biyu a rabon tallafi, wani kuma ya ɓace.

Abin da ya sa ake maganar Python a nan shi ne kowa na da ikon taɓa shi. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, shi ya fitar da shi a 1991, kuma tun 2001 gidauniyar Python Software Foundation ke riƙe da haƙƙinsa. Ba a sayen lasisi, ba a ɓoye cikinsa. A 2018 van Rossum ya sauka daga jagoranci, daga 2019 kuma majalisar mutum biyar da masu aikin ke zaɓa ita ke yanke hukunci. Sabon zubi na fitowa kowane watan Oktoba, duk wata shawarar canji kuma a rubuce take a fili, kowa ya karanta ya tofa albarkacin bakinsa.

Afirka ta shigo wannan zaure da ƙarfinta. Namibiya ta yi taron PyCon nata a 2015, Najeriya ta yi a Legas a 2017, sannan a watan Agustan 2019 aka yi taron nahiyar na farko a Akara. A ƙasar Hausa akwai Arewa Data Science Academy da ke koya wa matasan Arewa Python, akwai kuma ƙungiyar HausaNLP. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka tantance yanayin masu rubuta su, da Hausa a ciki. Aiki ne mai kyau, sai dai galibin Hausar da ke irin waɗannan taskoki ta Najeriya ce. Hausar Damagaram, da kalmominta na aro daga Faransanci da harafinta ƴ, ba ta da wakilci mai yawa, kuma babu mai kawo ta sai masu ita.

Python ma ya riga ya iso karkarar Matameye ba tare da an yi masa sallama ba. KoboToolbox, manhajar da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke cika tambayoyi da ita a waya, an gina babban ɓangarenta da Python. Matasan da ake ɗauka aikin tattara bayanai suna danna ta, a biya su kuɗin yini, bayanan kuma su wuce Yamai ko ƙetare a tace su can, inda albashin kirki yake.

Maganin matsalar jeri yana nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Taskar CLDR ta Unicode tana da ƙa'idar jera Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh da ts kowanne harafi ne mai zaman kansa. Da kayan aikin PyICU, layi biyu ko uku sun isa a mayar da Ɗanladi muhallinsa. Kafin nan sai a mayar da dukan nau'o'in 'y iri ɗaya, sannan a sa difflib, wanda ke zuwa tare da Python, ya zaƙulo sunaye masu kama da juna, mutum ya duba da idonsa. Wannan mataki na ƙarshe ba a barin wa na'ura, domin a gida ɗaya ana samun Hassana da Hussaina, ita kuwa tana iya cewa mutum guda ne. Sai kuma ajiye fayil a tsarin UTF-8, don tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai bai san ƙ ba, alamar tambaya yake sakawa a madadinsa ko aikin ya tsaya cak.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In har takardun hukuma za su ƙara komawa Hausa, wannan gyara zai zama aikin kowane ofis.

Ga mai son koyon wannan aiki, uzurin rashin kwamfuta ya rage ƙarfi. Pydroid 3 da Termux suna gudanar da Python a wayar Android, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, sauran sunaye mai rubutu ke raɗawa, kuma tun Python 3 na 2008 yana iya kiran abu ƙauye ko ɗalibi da lanƙwasarsa. Littafin jagoran Python yana da fassarar Faransanci da 'yan sa kai suka yi, ana sauke shi a karanta ko babu layi. Wuta dai matsala ce ta gaske, wanda ya ga yadda aka zauna bayan Najeriya ta yanke lantarki a Agustan 2023 ba ya buƙatar bayani, amma farantin hasken rana da ke cajin wayar kallon fim zai iya cajin ta karatu.

A ganin mai rubutun, horon kwana uku mai kuɗin zama da takardar shaida bai taɓa fitar da gwani ba. Waɗanda suka iya, su ne 'yan ƙalilan da ke haɗuwa kowane mako a kan aiki na gaske. Don haka daraktocin makarantu da sakatarorin magajin gari su daina goge lanƙwasar haruffa don na'ura ta huta, su rubuta suna yadda mai shi ke kiransa. Matasan Yauri da Matameye, da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ke dawowa hutu, su nemi izini su fara da jerin ajin ƙannensu, su jera shi daidai, su nuna wa malam.