Nazarin Littafi Mai Tsarki: Hannatu ta ci abinci tun ba ta ga amsa ba

Mun shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin addu'a, da Zumuntar Mata, da iyalan da suke sujada a gida da dare. Wani ya karanta 1 Sama'ila 1:1-20 da ƙarfi, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji duka.

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Dambatta da Kunchi, gona tana jingine da gona. Babu dajin da ya rage a sare, ba kuma mai barin gonarsa ta zama saura. Filin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne suka yanyanka shi. Sai an zuba taki kowace shekara ƙasa take ba da abinci. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na takin zamani suka haura. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ta gagari mai saye. A 2025 kuma farashinsa ya faɗi, taki bai sauko ba, manomi ya sayar da amfaninsa bai mai da kuɗinsa ba. A ƙarshen wannan shekarar ce 'yan bindiga suka riƙa ƙetarowa daga iyakar Katsina, suna kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kora shanu, suna ɗauke mutane.

Duk mun san wannan. Amma in aka tambaye mu yaya gida, sai mu ce lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Rufin asiri abu ne mai kyau, ba mu kuma raina shi ba. Matsalar ita ce, mukan kai wannan gaisuwa har gaban Allah. Mu durƙusa, mu jera kalmomi masu daɗi waɗanda muka haddace tun muna yara, mu tashi da kayanmu a ka yadda muka zo da su.

Hannatu tana da miji mai ƙaunarta, Elkana, amma ba ta da ɗa. Kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, tana kuma yi mata gori. Matan da suke cikinmu ba sa bukatar a bayyana musu zafin wannan. Ba kuma rana ɗaya aka yi ba. Kowace shekara in iyalin suka haura Shilo yin hadaya, a nan gorin yake tsananta, a wurin sujada, lokacin da kowa yake ci yana murna. Hannatu takan yi ta kuka, ta ƙi cin abinci. Elkana ya yi ƙoƙarin rarrashinta, yana ganin ƙaunarsa ta isa ta maye mata gurbin 'ya'ya goma. Nufinsa mai kyau ne, sai dai bai taɓa inda yake mata ciwo ba. Mu maza sau da yawa haka muke.

A sake karanta aya 9 zuwa 16.

Mene ne Hannatu ta kira kanta a aya 11, sau nawa kuma? Ta ambaci sunan Feninna a cikin addu'arta? In da mu ne, me za mu roƙa a kan kishiyar?

Mu lura da yadda ta yi addu'ar. Ba ta ɗaga murya ba, leɓunanta kaɗai suke motsi. Ba ta tuna wa Allah yawan shekarun da ta yi tana zuwa Shilo ba, kamar mai bin bashi. Ba ta kuma ɓoye baƙin cikinta ba. Ta zo a matsayin baiwa wadda ba ta da iko a kan kome, ta faɗi abin da yake cin ranta, ta roƙa a tuna da ita. Tawali'u ke nan a cikin addu'a: mutum ya faɗa wa Allah gaskiyar halin da yake ciki, ya kuma yarda cewa Allah ne Allah. Ba mu ce addu'a da murya laifi ce ba. Amma a wasu tarurrukan kwana mukan ji ana ba Allah umarni, har da sa masa rana, sai ka ce yaron gida aka aika kasuwa. Mai irin wannan addu'a, in ranar ta wuce bai ga kome ba, yakan koma gida da zuciya biyu.

Yanzu aya 17 da 18, inda zuciyar darasin take. Eli firist ya sallame ta da salama. Hannatu ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta sake. Me ya canza a lokacin? Ba ta da ciki. Feninna tana nan da bakinta, kashegari kuma tare za su kama hanyar Rama. Eli ma bai san abin da ta roƙa ba. Sama'ila sai daga baya ya zo. Abin da ya faru shi ne ta sauke kayan a hannun wanda ya isa ya ɗauka, ta bar su a can. Ta'aziyya ta riga amsa isowa.

Dole mu faɗi gaskiya a nan. Ba kowace mai roƙon haihuwa take samun nata Sama'ila ba, ba kuma kowane fari yake yankewa ran da muka yi azumi ba. Dattawanmu da suka ga farin 1973 sun yi addu'a, gero kuwa ya bushe a tsaye. A karanta Luka 22:39-46. Yesu kansa ya durƙusa ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa kai ga nufin Uba. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. An aiko mala'ika ya ƙarfafa shi, ya tashi ya fuskanci masu kama shi.

Akwai wani a cikinmu da ya taɓa samun kwanciyar rai alhali damuwarsa ba ta gushe ba? In yana so, ya ba da shaida.

Kada mu manta da Eli. Da farko ya ga mace tana motsa baki, ya ɗauka ta bugu, ya tsawata mata. Da ta yi masa bayani sai ya saurara, ya sa mata albarka. Mu ma'aikatan raya ƙasa mun yi kuskuren Eli. A wata damina mun rubuta sunayen waɗanda za a ba rancen hatsi a wata ikkilisiya, muka tsallake wani magidanci domin kullum rigarsa a wanke take, shi ne kuma mai jan waƙa ran Lahadi. Ashe tun watan Yuli rumbunsa ya ƙare, iyalinsa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ba a bakinsa muka ji ba. Matarsa ce ta fashe da kuka a taron addu'ar mata, ta faɗa wa Allah a gaban 'yan'uwanta, su kuwa suka tashi kowa ta auno kwano ɗaya daga nata. Mun ji kunya ƙwarai, muka kuma canza yadda muke rubuta suna. Yanzu sai mun zauna da shugabannin mata tukuna.

Wa yake zama a bencin baya a majami'armu, wanda muka yanke masa hukunci ba mu tambaye shi ba? Wace hanya ikkilisiyarmu take da ita da mutum zai faɗi bukatarsa ba tare da asirinsa ya tonu a gari ba?

Kafin a tashi, a yi shiru na minti biyar. Kowa ya faɗa wa Allah abu ɗaya da bai taɓa faɗa masa ba, ba sai na kusa ya ji ba. Bayan haka a rabu biyu biyu, mata da mata, maza da maza, a yi wa juna addu'a, a sa da iyalan Shanono da Tsanyawa waɗanda aka ɗauke wa mutane ko dabbobi. Abin da aka ji a wurin, a bar shi a wurin. In shugaban taro ya gane akwai gidan da ba a hura wuta ba yau, ya sanar da dattijo ɗaya a asirce tun kafin dare.