Segal, hakin da ya zama cimaka

Yara, kun san shibra. Tana fitowa cikin gonar gero ba wanda ya shuka ta, kuma ƙwayarta na zubewa ƙasa tun ba a yi girbi ba. To, a ƙasashen sanyi akwai wata cimaka da ta faro kamar shibra. Da faransanci ana ce mata « seigle », mu ce segal. Ƴar'uwar alkama ce.

Asalin segal yana can cikin duwatsun Turkiyya da kewayenta. Da fari ciyawar daji ce. In zangarniyarta ta nuna sai ta kakkarye, iri ya watse, mutum bai samun kome. Sai ta dinga shiga gonakin alkama. Manoma suna cire ta, amma wadda ta yi kama da alkama takan tsira. A girbe su tare, a sussuke tare, baɗi a shuka su tare. Wadda ƙwayarta ba ta zuba, ita ce ke kaiwa rumbu. Da noman alkama ya kai wurare masu tsananin sanyi da ƙasa marar ƙarfi, alkama ta gaza, segal kuwa ta yi kyau. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov (1887-1943), shi ya bayyana haka.

Har yanzu a Ostiriya da Jamus wasu manoma na noman wani tsohon irin segal. Ana shuka shi wajen 24 ga watan Yuni. Shekarar fari ba a barinsa ya yi kai: a yanke ganyen a ba dabbobi. Saiwarsa na jure sanyi da ƙanƙara. Shekara ta biyu sai ya sake tohowa, karansa ya kai mita 2, sannan a girbe. Shuka guda, ga harawa ga tsaba! Sai dai ƙwayarsa ƙanana ce, kuma bai cika rumbu kamar irin zamani. Da garinsa ake yin burodi mai duhu, wanda ke daɗewa bai bushe ba.

Tambayoyi
1. Ina ne asalin segal?
2. Me ya sa manomi bai samun tsaba daga segal ta daji?
3. Tambayi iyayenka yadda suke yi da shibra a gonarku.