Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin Rashin Aikin Yi a Amurka

Kuɗin da ake bai wa wanda ya rasa aikinsa a Amurka wani nau'in inshora ne da dokar tarayya ta 1935 ta shimfiɗa, amma kowace jiha ke tafiyar da nata. Galibi masu ɗaukar ma'aikata ne ke cika asusun, ta hanyar haraji a kan albashin da suke biya.

Wani mai sauraro daga unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko yana tambayar wa ya cancanta. Sharaɗin farko shi ne aikin ya kuɓuce wa mutum ba da laifinsa ba, kamar a rage ma'aikata ko a rufe kamfani. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi kan rashin ɗa'a, da wuya ya samu. Ana kuma duba albashin da ya karɓa a kusan shekara guda da ta gabata. Baƙo sai yana da izinin aiki, lokacin da ya yi aikin da kuma lokacin da yake nema. Direban da ke aikin kansa yawanci ba ya ciki. Yawancin jihohi na biya har mako 26, wasu kuwa, irin su Florida, na iya tsayawa a mako 12. Duk mako ko mako biyu sai mutum ya tabbatar cewa yana neman aiki, ya kuma bayyana duk abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa.

Batun haraji fa? Gwamnatin tarayya na ɗaukar kuɗin a matsayin kuɗin shiga. A farkon shekara jiha za ta aiko da takardar 1099-G mai nuna jimillar abin da aka biya. Ana iya neman a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe, kuma hakan ya fi sauƙi ga mai iyali a kan ya tarar da bashi a watan Afrilu, lokacin biyan haraji. California da New Jersey ba sa ɗora nasu harajin, New York kuwa tana ɗorawa.

Wasiƙar da ta fi nauyi ta wata baiwar Allah ce da ciwon baya ya raba mijinta da aiki. Shin zai iya haɗa wannan kuɗi da na naƙasa? A nan ne gizo ke saƙar. Mai neman kuɗin rashin aiki yana shaida cewa yana da lafiyar yin aiki, alhali mai neman kuɗin naƙasa na SSDI yana shaida cewa lalura ta hana shi aikin da zai riƙe shi na aƙalla wata 12. Dokar tarayya ba ta haramta haɗa su ba, domin mutum na iya gaza ɗaukar kaya amma ya iya ɗan aikin zaune. Sai dai alƙalin da ke duba ƙarar naƙasa na iya yin la'akari da abin da aka rubuta wa jiha, don haka lallai maganar ta zama ɗaya, kuma gaskiya, a takardun biyu.

Kuɗin rashin aiki ba ya rage SSDI. Tallafin SSI kuwa, wanda ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi, bayan dala 20 ta farko ta kuɗin rashin aikin ana zaftare shi dala da dala. Duk abin da jiha ta biya bisa kuskure tana iya neman a mayar mata.